Garin Neman Gira: Tsirran da ke Kashe Birus, da Abin da Suke Yi wa Jikinmu

Ba a ɗaukar lokaci mai tsawo ba mu ji an ce masana sun gano wani ganye ko wata saiwa da ke kashe ƙwayar cuta kaza ba. A da a rediyo muke jin irin wannan labari, ko a bakin masu tallar magani a tasha da ranar kasuwa. Yanzu kuwa ta wayar hannu yake iske mu, har da hoton wata takarda da Turanci ko Faransanci don kada mu yi musu. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, sau da yawa ba ƙarya aka shirga ba. Akwai tsirrai masu ɗauke da sinadarin da ke hana birus yaɗuwa, wasunsu ma suna nan a jikin shingenmu. Sai dai rabin labarin ake ba mu. Sauran rabin, wato abin da wannan sinadari ke yi wa jikin mutum da na dabbobi masu shayarwa, shi muka ga ya kamata mu zauna mu warware a wannan wata.

Kafin mu shiga, dole mu koma aji na ɗan lokaci, domin wanda bai san yadda masaƙa ke aiki ba, ba zai gane ɓarnar da aka yi mata ba.

Jikin mutum, da na akuya, da na ɓera, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan injina masu ɗimbin yawa da masana ke kira ribozom. Aikinsu ɗaya ne: su karanta umarnin da ya fito daga tsakiyar ƙwayar, su haɗa furotin. Furotin kuwa shi ne kayan gini kuma shi ne ma'aikaci. Da shi ake yin tsoka, da shi ake narkar da abinci, da shi jini ke ɗaukar iska. Mu ɗauki ribozom kamar masaƙa, furotin kuma kamar ƙyallen da take fitarwa. To, birus ba shi da masaƙa tasa ta kansa. Ko na sida ne, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira ƙanjamau, ko na ƙyanda, ko na mura, dukansu baƙi ne masu zuwa hannu rabbana. Su shiga ƙwayar halitta, su hau masaƙar mai gida, su saƙa 'ya'yansu da zarensa. Saboda haka duk abin da ya karya masaƙa ya tsai da birus. Amma fa masaƙar ta mai gida ce.

A 1925 wasu masana tsirrai biyu a Amurka, Duggar da Armstrong, suna bincike a kan wani birus da ke sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare. Suka lura cewa in aka gauraya birus ɗin da ruwan ganyen wani tsiro na can mai suna fitolaka, sa'an nan aka shafa wa taba, cutar ba ta kamawa. (Wannan Duggar ɗin ne ya gano maganin farko na dangin tetarasakilin a shekarun 1940, wato kakan kafson nan ja da rawaya da 'yan tebur ke sayarwa.) An shafe kusan shekara 50 kafin a san sirrin. A shekarun 1970 ne aka tace sinadarin, aka ga furotin ne, aka raɗa masa suna PAP, aka kuma gano cewa ribozom yake kashewa.

Yadda tsiron ke amfani da shi akwai hikima a ciki. Fitolaka ba ya ajiye PAP kusa da ribozom ɗinsa, a bangon ƙwayar halitta yake ɓoye shi, ta waje. Birus na tsirrai kuwa ba ya shiga sai ta rauni, ko inda ƙwaro ya huda. Da zarar bango ya fashe, PAP ya bi ta wannan ƙofa ya shiga, ya lalata masaƙun ƙwayar da aka huda, ta mutu da baƙon da ke cikinta. Wannan shi ne bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi. Duk manomin da ya taɓa ƙone ciyawar gefen gona da gangan don kada gobarar daji ta tsallako ya san wannan dabara. Ganye yana iya asarar ƙwaya ɗari bai ji a jikinsa ba. Ƙwaƙwalwar mutum da ƙodarsa ba haka suke ba.

Dangin zurma ne

Da aka duba sosai, sai aka ga PAP ba shi kaɗai ba ne, babban gida ne mai dangi da yawa, kuma babbar yayarsu tsohuwar sananniya ce: risin, gubar da ke cikin ƙwayar zurma, wadda wasu ke kira cika-gida. Wani ɗalibi mai suna Stillmark ne ya fara bayyana ta a 1888 a jami'ar Dorpat, birnin da yanzu ake kira Tartu a ƙasar Estoniya. 'Yar uwarta ita ce abrin, wadda ke cikin 'ya'yan idon zakara, jajayen nan masu baƙin ɗigo da yara ke wasa da su. A shekarun 1970 Olsnes da Pihl a birnin Oslo suka nuna cewa kowace daga cikin gubobin nan biyu kashi biyu ce a haɗe. Kashi ɗaya mabuɗi ne, yana manne wa fatar ƙwayar halitta ya sa ta haɗiye gubar. Ɗayan kuma wuƙa ne, shi ke yin ɓarna a ciki.

Sai a 1987 wani masani ɗan Japan, Yaeta Endo, ya gano inda wuƙar ke sara. Ribozom yana da wani dogon zare mai dubban haruffa. Risin ba ta daddatsa shi, harafi ɗaya tak take cirewa, wanda ake kira adenin, a wani wuri guda. A ribozom na ɓera wurin shi ne lamba ta 4324. Kamar a shiga masaƙa a zare ƙoshiya a tafi da ita: komai na nan tsaye yadda yake, amma ba sauran saƙa. Kuma wuƙar ba ta dakushewa, in ta gama da wannan ta wuce na gaba. An auna cewa guda ɗaya tana iya kashe ribozom wajen 1,500 a minti ɗaya. Ƙwayar halittar da aka yi wa haka ba yunwar furotin kaɗai ke kashe ta ba. Tana jin an taɓa mata masaƙa sai ta tada ƙararrawa, ta jawo kumburi, ta kashe kanta. Duniya ta san sunan risin a 1978, lokacin da aka harba wa Georgi Markov, marubuci ɗan Bulgeriya, wani ɗan ƙarfe kamar kan fil a cinya a birnin Landan, ya mutu bayan kwana huɗu, masu bincike suka yanke cewa ita ce a ciki.

PAP da sauran masu kashe birus wannan harafin dai suke cirewa. Bambancinsu da risin shi ne su wuƙa ce zalla, ba su da mabuɗi. Shi ya sa ba su kai ta haɗari ba ko kusa, domin yawancin ƙwayoyin jikinmu ba sa buɗe musu ƙofa. Irinsu ma suna cikin abincin da muke ci kullum, kamar masara da alkama da sha'ir, wuta da ciki suna lalata su ba mu sani ba. A nan ne masana suka sa rai. Ƙwayar da birus ya shiga fatarta kan yi rauni, abin waje ya samu hanyar kutsawa. Suka ce, ashe ga maganin da zai shiga ɗakin da ɓarawo yake, ya ƙyale sauran ɗakuna. Lissafin ya yi kyau a allo. Abin da ya ɓata shi shi ne akwai ƙwayoyin jiki masu lafiya waɗanda aikinsu ke nan su yi ta haɗiyar duk abin da ya gifta. Akwai makarofaj, manyan ƙwayoyin garkuwar jiki masu share datti. Akwai na hanta, akwai na ƙoda masu tace jini. Akwai kuma na mabiyiya, wadda ɗan tayi ke ci ta cikinta.

Abin da ya faru a San Faransisko

Mutanen Sin sun riga kowa sanin wannan batu na mabiyiya. Suna da wani tsiro mai yaɗo, dangin kabewa da gurji, wanda garin saiwarsa ke cikin littattafan maganinsu tun ɗaruruwan shekaru. A shekarun 1970 likitocinsu suka tace furotin ɗin da ke ciki, mai suna tirikosantin, suna yin allurarsa don fitar da ciki, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Yana aiki ne domin yana kashe ƙwayoyin mabiyiya. Wato tun farko an san shi da kisa aka ɗauke shi aiki.

A farkon 1989 Michael McGrath da abokan aikinsa a San Faransisko suka buga sakamakon wani gwaji: a cikin faranti na ɗakin bincike, tirikosantin ya hana birus na sida hayayyafa, ya kuma kashe makarofaj ɗin da suka kamu, ya bar waɗanda ba su kamu ba. Sai mai karatu ya tuna halin da ake ciki a lokacin. Magani ɗaya ne aka amince da shi, AZT, tun 1987, shi ma ba ya riƙe mutum da daɗewa. Samari suna ta mutuwa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Nan da nan sunan Compound Q, kamar yadda aka riƙa kiran maganin, ya cika gari, mutane suka fara shigo da shi daga Sin ta bayan fage suna yi wa kansu allura. Wata ƙungiyar masu fafutuka, Project Inform, ƙarƙashin Martin Delaney, ta ce ba za ta jira hukumar magunguna ta Amurka ba. Ta haɗa kai da wasu likitoci suka shirya nasu gwajin a ɓoye a birane da dama.

Rahoton da suka buga a 1990 ya ƙunshi marasa lafiya 51. Kusan abin da aka fi kuka da shi shi ne gajiya mai tsanani da ciwon tsoka, gwajin jini kuma ya nuna hanta ta ji jiki. Mutum 6 hankalinsu ya gushe, suka rikice kamar masu ruɗewar tsufa. Biyu daga cikinsu suka shiga doguwar suma, ɗaya ya rasu daga baya sakamakon haka. Da labarin mutuwa ya fita aka yi ta cacar baki a jaridu da talabijin, wasu na cewa ganganci ne a gwada guba a kan mutane ba tare da sa idon hukuma ba, wasu na cewa mai jiran mutuwa yana da ikon zaɓen haɗarin da zai ɗauka. Mu dai a ganinmu kowane ɓangare na da abin faɗa, kuma ba mu da bakin zargin wanda ya ga kabarinsa a haƙe. Abin da ba shi da gardama shi ne faranti bai faɗi gaskiya duka ba.

Me ya kai maganin ƙwaƙwalwa? Wani gwaji na 1991 ya ba da haske. Makarofaj masu ɗauke da birus na sida dama suna fitar da abubuwan da ke cutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, in kuma aka zuba musu tirikosantin sai abin ya ƙaru. Ke nan aikin da aka yaba wa maganin, wato kai hari kan makarofaj da suka kamu, shi ne kuma ya zama hanyar ɓarna. A faranti ba ƙwaƙwalwa a kusa da za ta sha dafin, shi ya sa ba a gani ba.

Akwai matsala ta biyu wadda ta shafi dukan dangin. Furotin ɗin tsiro baƙo ne a jinin mutum. Allurar farko garkuwar jiki ta gane shi ta yi masa tanadi, ta biyu ko ta uku sai ta tare shi kafin ya yi aiki, ko kuma ta yi bore: borin jini, kumburin fuska, toshewar numfashi. Cuta irin sida kuwa ba ta allura ɗaya ba ce. An ci gaba da gwada Compound Q na wasu shekaru ba tare da an ga amfanin da ya kai wahalarsa ba. Da haɗin magunguna uku ya bayyana a 1996, masu sida suka fara tashi daga gado suna komawa aiki, sai zancensa ya mutu.

Masu binciken sankara su ma sun ɗanɗana. Sun ɗauki wuƙar risin, suka cire mata mabuɗinta na asali, suka ɗaura mata wani wanda ke buɗe ƙwayoyin sankara kaɗai. Sai ga wata illa ta daban: ƙananan jijiyoyin jini suka fara yoyo, ruwa na tsiyaya cikin nama da huhu, majiyyaci ya kumbura. Wannan yoyo ne ya hana a ƙara awon maganin har ya kai inda zai yi aiki sosai.

Ko tsiro bai tsira ba. A 1993 masana a Amurka suka dasa umarnin yin PAP a cikin taba da dankalin Turawa. Shukokin suka yi ƙarfin jure birus iri-iri, amma waɗanda suka fi yin PAP da yawa suka tsumbure, ganyensu ya yi tabo, ba su ba da iri ba.

Duk da haka ba a rufe littafin ba. A 1997 Nilgun Tumer ta jami'ar Rutgers da abokan aikinta suka nuna cewa in aka gutsure wutsiyar PAP, yana iya hana birus kama tsiro ba tare da ya taɓa ribozom ba, abin da ke nuna cewa ba ta karya masaƙa kaɗai yake yaƙi ba, yana kai wa zaren birus ɗin kansa hari. Haka kuma akwai wani furotin na wani gida daban a cikin ayaba, wanda aka nuna a 2010 yana manne wa birus na sida ya hana shi shiga. Aibinsa shi ne yana zuga ƙwayoyin garkuwar jiki su yi ta hayayyafa ba dalili. A 2015 masana a jami'ar Mishigan suka canza masa tubali ɗaya tak, zugar ta ragu ƙwarai, yaƙi da birus ya tsaya. Aiki ne na haƙuri, kuma har yau babu ko ɗaya daga cikin furotin ɗin nan da aka amince a ba mutum a matsayin maganin birus.

Na jikin shingenmu

Yanzu mu dawo gida. A 1990 Sylvia Lee-Huang ta jami'ar Niyok ta ciro wani furotin mai suna MAP30 daga ɗan uwan garahuni, wanda mutanen Asiya ke nomawa suna cin 'ya'yansa masu ɗaci. A 2012 kuma masu bincike daga Indiya da Ostireliya suka ciro wani daga irin garahuninmu kansa, suka sa masa suna balsamin, a 2013 suka ba da rahoton cewa yana hana birus na sida hayayyafa a ɗakin gwaji. Duk gaskiya ne, kuma irin waɗannan takardu ne ake ɗaga mana a kasuwa. To amma mai karatu ya lura da abu uku. Daga iri aka ciro balsamin, ba daga ganyen da ake dafawa ba. Furotin in ya sha tafasa ya lalace, wanda ya tsira kuma ciki ya narkar da shi kamar yadda yake narkar da wake, ba ya isa jini da siffarsa. Na uku, dangin risin ne, ribozom yake kashewa. Wasu furotin na irin wancan ɗan uwan garahuni ma an ga suna zubar da cikin ɓeraye a gwaji, kamar dai tirikosantin. Ba mu ce a daina shan garahuni don ciwon ciki kamar yadda iyaye suka saba ba, wannan zance ne daban. Abin da muke tsoro shi ne mai sida ya ajiye ƙwayoyin asibiti, waɗanda aka tabbatar suna danne birus har ya kasa bayyana a gwajin jini, ya koma wa tukunyar ganye saboda wata takarda da ba a karanta masa ita duka ba. Mai juna biyu kuma ta nisanci irin garahuni.

Tambayar da ya kamata a yi wa duk mai irin wannan talla ita ce: a ina aka gwada, a faranti, ko a ɓera, ko a mutum? Kuma mene ne tazarar da ke tsakanin awon da ke kashe cuta da awon da ke taɓa mai cutar? Ruwan bilic ma yana kashe birus a faranti.

Masu mabuɗi kuwa, wato zurma da idon zakara, haɗarinsu na yau da gobe ne, ba na ɗakin bincike ba. Man zurma da aka tace da kyau ba shi da risin, domin ba ta narkewa a mai, a tunkuza take zama, shi ya sa bai kamata a bar dabbobi su ci tunkuzar ba. Ƙwayar idon zakara tana da ɓawo mai tauri, in aka haɗiye ta ɗungum sau da yawa takan fita yadda ta shiga, amma wadda aka tauna, ko aka huda don yin tsakiya, ta buɗe. Ganyensa mai zaƙi da ake taunawa don tari bai kamata ya sa a raina 'ya'yan ba. Matan da ke haɗiyar ƙwayar zurma don tazarar haihuwa, kamar yadda ake yi a wasu wurare, su san abin da ke cikinta. Bini-da-zugu shi ma yana da nasa furotin, kursin, ko da yake gubar da ke cikin mansa ce ta fi sa yara amai da gudawa in suka ci 'ya'yan suna zaton gyaɗa ce.

Gubar risin da abrin ba ta nuna kanta nan take. Yaro na iya tauna ƙwaya ya ci gaba da wasa, sai bayan sa'o'i, wani lokaci ma kwana ɗaya ko fiye, amai da gudawa su taso, har da jini, daga baya hanta da ƙoda su fara gazawa. Babu makarinta a kowane asibiti na duniya. Abin da likita ke yi shi ne ya rage wadda ta saura a ciki in an zo da wuri, ya sa ƙarin ruwa, ya tallafi jiki har ya saƙa sababbin ribozom, kuma mafi yawan waɗanda aka kai da wuri suna warkewa. Saboda haka kada a jira alama, kada a tsaya ba da madara ko manja. A ɗauki yaron a tafi, a kuma riƙa sauran ƙwayoyin ko reshen tsiron a hannu don likita ya ga abin da aka ci.